DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: Kome, ɗan riƙo, da yafiyar da finafinai ke tsallakewa

DUK wanda ya saba zama gaban bidiyo ya san wannan fitowar. Ana dab da ƙare fim, sai wata dattijuwa ta tsura wa wani saurayi ido, ta hango tabo a wuyansa ko zobe a yatsansa, jikinta ya ɗauki rawa. "Wayyo Allah, ɗana ne!" Sai kuka, sai durƙushe-durƙushe. Uban da ya yi shekara ashirin ba a ji ɗuriyarsa ba ya sunkuyar da kai, ya ce a yafe masa. Ta yafe. Fiyano ya tashi, a yi waƙa cikin lambu, a rubuta "Alhamdulillahi", a jero sunayen 'yan wasa.

Mai kallo ya share hawaye ya tashi. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba: washegari fa? Wa yaron nan zai kira Inna? Matar da ta yi shekaru tana wanke masa kashi da fitsari, wadda kyamara ta haska sau biyu kacal, ina aka baro ta?

A yankin Funtuwa da Malumfashi, a kudancin Jihar Katsina, daidai inda fim ke ƙarewa nan labarin yake farawa. Kome da riƙo abubuwa ne na yau da kullum a can, kuma duk gidan da suka haɗu, an san yafiya ba ta samuwa cikin minti biyar na waƙa.

LABARIN DA KOWA YA SANI

Ƙasar nan ƙasar noma ce. Tun zamanin Turawa auduga ta ɗaga sunan Funtuwa da Malumfashi, aka kafa injinan gurza, jirgin ƙasa da ya taso daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta Funtuwa. A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, wanda ya taimaka wajen yaɗa noman masara da takin zamani. Daga nan masarar Dandume da Bakori, da tumatir da raken Danja, suka zama abin kwatance. A irin wannan ƙasa aure yana bin gona sau da ƙafa. Da kaka, in an sayar da amfani, ake ɗaura shi. Da tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, yakan fara tangal-tangal.

Ba sai an kama suna ba, domin labarin kusan iri ɗaya ne, garuruwan ne kawai ke sauyawa. Saurayi manomi a wani ƙauye tsakanin Bakori da Malumfashi ya auri yarinyar da yake so tun suna ɗaukar allo. Shekara ta zagayo ta haifi ɗa namiji. Ya ci bashin taki, ruwa ya ɗauke da wuri, mai bashi ya tsaya a ƙofa. Rai a ɓace, 'yar magana ta haɗa su a kan cefane, sai ga takarda. Ta tafi gidansu da goyo. Zuciya ta hana shi biko, zuciya ta hana ta waiwaye, har idda ta cika.

Da aka yaye yaro, dangin uba suka aiko a ba su ɗansu. Uban ba shi da mata a ɗaki, sai aka miƙa yaron ga yayarsa da ke aure a Funtuwa, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Shi ya tafi Kudu cin rani, rani ya zama shekaru. Ita kuma ta yi wani aure, ta shiga ta uku a gidan da aka faɗa mata tun a zaure cewa ba a son agola.

Bayan shekara goma ko fiye, duniya ta juya. Auren nata ya mutu, shi ya dawo gida da ɗan abin hannunsa, ya sayi shanun huɗa. Suka haɗu a gidan gaisuwar rasuwa ko a wajen biki, aka gaisa a sunkuye. Tsofaffin gidan suka kalli juna suka ce, ai da tsohuwar zuma ake magani. Aka sa rana, aka mai da aure. Kowa na murna, har ranar da ya shirya ya nufi Funtuwa.

"Yaya, na zo ne a kan maganar yaron nan."

"Wane yaro?"

"Na wajenki. Tunda Allah Ya sa uwarsa ta dawo ɗakinta..."

"Au! Sai yau ka san yana da uwa? Ranar da ƙyanda ta kwantar da shi, na kwana bakwai ban rintsa ba, ina uwar take? Kai kana ina?"

Nan fa ake yin ta. A wannan ɗakin babu mugu ko ɗaya, amma kowa yana da ciwon da yake ɓoyewa.

RIƘO BA BAƘON ABU BA NE

Bahaushe ya ce ɗa na kowa ne, kuma ya daɗe yana aiki da maganar. Akwai ɗan fari, wanda iyaye ke jin kunyarsa, ba su faɗar sunansa, sau da yawa kaka ce ke ɗauke shi tun daga yaye. Shi ya sa ma uban da ke cikin labarin can ya ce "yaron nan". Akwai ɗan da ake bai wa 'yar'uwar da ba ta samu haihuwa ba, don ya ɗebe mata kewa. Akwai maraya. Akwai 'yar ƙanwar amarya da ake haɗa ta da ita zuwa gidan miji. Akwai kuma 'ya'yan da saki ya raba da iyayensu mata, waɗanda su ne suka fi yawa a irin wannan zance.

Wanda ke son ganin yadda abin yake a da, sai ya nemi littafin Baba of Karo, wanda aka buga a 1954. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba a garin Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa, tsakanin 1949 da 1950, tana rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta. Baba ta yi aure har sau huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta yi goyo ta yi riƙo, kuma ta bayyana kunyar ɗan fari da yadda yara ke zagayawa tsakanin gidajen dangi. Abin lura shi ne, a duniyar Baba ba a ɓoye wa yaro asalinsa. Ya san wadda ta haife shi, ya san wadda ta riƙe shi, kuma kowacce da irin gaisuwar da yake kai mata.

DAGA INDIYA AKA ARO SIRRIN

To, daga ina finafinan Hausa suka samo zoben nan da tabon wuya? Amsar ba ta da nisa. Tun shekarun da gidajen sinima ke cika maƙil a Kano da Zariya da Funtuwa, finafinan Indiya suka koya wa 'yan kallo kukan ɗan da ya ɓata. Manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Brian Larkin sun yi rubutu mai yawa kan yadda labaran Indiya suka shiga jinin masu kallo da masu shirya fim a ƙasar Hausa. Su kansu 'yan industiri suna da sunan da suke kiran kwaikwayon: wankiya.

Ɗauki Aradhana na 1969. Sharmila Tagore ta fito a matsayin Vandana, wadda ta yi auren sirri da wani matuƙin jirgin yaƙi, wato Rajesh Khanna. Ya mutu a hatsari ya bar ta da ciki, danginsa suka ƙi ta. Ta ajiye jaririn a gidan marayu, wasu ma'aurata marasa haihuwa suka ɗauke shi, ita kuma ta shiga gidan a matsayin mai reno don ta riƙa ganinsa. Har kurkuku ta shiga saboda shi, bai san ita ce uwarsa ba sai a ƙarshen fim.

Kabhi Kabhie na Yash Chopra, wanda ya fito a 1976, ya fi kusa da zancen yafiya. Waheeda Rehman ta fito a matsayin Anjali, matar Amit, wato Amitabh Bachchan. Ashe kafin aurensu ta taɓa haihuwar 'ya mace, aka bai wa wasu suka rene ta. Yarinyar, Neetu Singh, ta girma ta gano gaskiya, ta biyo sawun uwarta har gida. Uwar ta rasa yadda za ta yi, ta ce wa mijinta ai 'yar 'yar'uwarta ce. Da asiri ya tonu Amit ya hau dokin zuciya, alhali shi ma yana ɗauke da tsohuwar soyayyarsa da Pooja a rai. Sai da ya ga yadda mijin Pooja ya karɓi nasa tarihin da faɗin zuciya, sannan ya gane wanda ke son a yafe masa, shi ma sai ya yafe.

Haka abin yake a Turai. Fim ɗin Philomena na 2013, wanda Judi Dench ta ja, labarin gaskiya ne na wata mata 'yar ƙasar Ayilan da aka raba ta da ɗanta yana ɗan shekara uku, aka ba wasu Amurkawa a 1955. Ta yi shekaru tana nemansa, shi ma yana nemanta, masu riƙe da takardu suka ƙi haɗa su. Ya mutu a 1995 ba su gana ba.

Duk waɗannan labaran a kan abu ɗaya suka ginu: an canja wa yaro suna, an rufe fayil, an binne asali. Da an tono sirrin, fim ya ƙare. A ƙasar Hausa kuwa galibi babu sirrin da za a tono. Kowa a unguwa ya san ɗan wane ne. Ciwon yana wani wuri daban, kuma darakta mai wankiya ba ya kai kyamararsa can.

ABIN DA SHARI'A TA TSARA

Dalilin da ya sa ba a binne asali a nan, addini ne. Kafin saukar hukunci, ana kiran Zaidu ɗan Harisa da sunan Zaidu ɗan Muhammadu, saboda Manzon Allah (SAW) ne ya riƙe shi. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka soke wannan al'ada, suka yi umarni a riƙa danganta kowane yaro ga mahaifinsa. Riƙo da kula da maraya aiki ne mai lada babba, amma ɗauke wa yaro sunan ubansa haramun ne.

Daga nan wasu hukunce-hukunce suka biyo baya, waɗanda marubucin fim ya kamata ya sani kafin ya ɗora alƙalami. Ɗan riƙo ba ya gadon mariƙinsa ta hanyar riƙo, sai dai a yi masa kyauta da rai, ko wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Riƙo kaɗai ba ya haramta aure, shi ya sa ake ganin ɗan riƙo ya auri 'yar gidan da ya tashi. Amma in matar ta shayar da shi cikin shekara biyun farko, ta zama uwarsa ta shayarwa, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta har abada.

Sai babban batu, haƙƙin reno bayan saki. A mazhabar Malikiyya, wadda ake karantar da ita a zaurukan malamai cikin littattafai irin su Risala, uwa ce ta fi cancanta da riƙon ɗanta namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji, uba yana ciyarwa. In uwar ta auri bare, haƙƙin yakan koma ga mahaifiyarta, wato kaka ta wajen uwa, kafin a zo kan dangin uba. Al'ada kuwa ta yi hannun riga da wannan: da an yaye, sai a ce "a kawo mana ɗanmu". Mata da yawa sun miƙa 'ya'yansu suna kuka, ba su san shari'a tana bayansu ba. Irin wannan uwar, in aka ce "ta ba da ɗanta", an zalunce ta sau biyu.

A ɓangaren gwamnati, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ta yi tanadi a kan riƙo ta hannun kotu, Jihar Katsina kuma ta samu tata dokar kare yara a ƙarshen 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Sai dai a karkara har gobe riƙo maganar baki ce tsakanin dangi, ba takarda ba shaida.

ƊAN DA BA A SON A AMBATA

Akwai wuri ɗaya da sirrin Indiya ke da ɗan'uwa a ƙasar Hausa, wato inda aka samu ɗa ba ta hanyar aure ba. A nan ne ake kai yarinya wani gari wajen gwaggo "jinya", ta dawo ita kaɗai. A nan ne kaka ke cewa jaririn nata ne na tsufa. A nan ne kuma, in tsoro ya yi yawa, ake wayar gari a tsinci jariri a kwali, ya ƙare a hannun mai unguwa, daga nan sai gidan marayu irin na Nassarawa da ke Kano.

Yankin Funtuwa ya ga yadda wannan tsoro yake da idonsa. A watan Maris na 2002, kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal, wata bazawara daga Kurami, hukuncin jifa saboda ta haihu ba ta da aure. Mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. A ranar 19 ga Agusta, 2002, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Sai a ranar 25 ga Satumba, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Katsina ta soke shi da rinjayen alƙalai huɗu cikin biyar. Daga cikin hujjojin akwai kurakuran da aka tafka wajen shari'ar farko, da kuma ƙa'idar kwantaccen ciki ta Malikiyya, wadda ta ba da damar a danganta ɗan bazawara ga tsohon mijinta har tsawon wasu shekaru bayan rabuwa.

Duniya ta ga hotunanta a kotu, kullum da 'yarta a hannu. Ba ta yar ba, ba ta ɓoye ba. Amma mace nawa ce ta ga abin da ya same ta, ta ce gara a rufa asiri ko da za a rabu da jinjiri? Malamai sun sha faɗa cewa yaron da aka haifa ta wannan hanya ba shi da laifin komai, ana danganta shi ga uwarsa, yana gadonta tana gadonsa. Kuma ƙofar tuba a buɗe take. Mutane ne ke rufe tasu.

KOME DA ƘA'IDOJINSA

Shi kansa kome yana da matakai, kuma finafinai kan cakuɗa su. In saki ɗaya ne ko biyu, idda ba ta cika ba, miji na iya mai da matarsa ba sabon sadaki. In idda ta cika, ya zama manemi kamar kowa: sai da yardarta, da waliyyi, da shaidu, da sabon sadaki. In kuwa saki uku ne, babu hanya sai ta yi wani aure na gaskiya, ya mutu don kansa. Auren kisan wuta da ake shiryawa don a buɗe wa tsohon miji ƙofa, malamai sun yi tir da shi.

Dangi kuma ba su da ikon tare hanya don huce haushi. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa sahabi Ma'aƙilu ɗan Yasar ya aurar da ƙanwarsa, mijin ya sake ta, ya bari har idda ta cika, sannan ya dawo yana nema. Ma'aƙilu ya rantse ba zai sake ba shi ita ba, alhali ita tana son komawa. A kan haka aya ta 232 ta Suratul Baƙara ta sauka, ta hana waliyyai tsare mata daga komawa ga mazajensu in sun daidaita. Ma'aƙilu ya sauko, ya ɗaura auren.

Amma a lura, sharaɗin shi ne ita ma tana so. Nan ne littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990, wanda aka mayar fim a ƙarshen shekarun 1990, ya yi zarra. Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'ya tara saboda amarya. Ta yi sana'ar abinci ta riƙe su. Da duniya ta juya masa baya, sai aka taru a kanta da "yi haƙuri" har ta koma. Mai karatu yakan rufe littafin yana tambayar kansa: wannan yafiya ce, ko an dai fi ƙarfinta? Haƙuri ana iya tilasta wa mutum shi. Yafiya kuwa sai in zuciya ta ga dama.

YAFIYA UKU, BA ƊAYA BA

In aka dawo kan gidan can na tsakanin Bakori da Malumfashi, za a ga bashin yafiya uku ne ke jiran biya.

Ta farko tsakanin miji da mata. Ita ce finafinai suka fi ƙwarewa a kai, tun daga irin su Wasila na 2000, wanda ya sa 'yan kallo muhawara a majalisu kan ko namiji zai iya yafe cin amana. Amma a kome irin na karkara, sau da yawa mijin ne ya kamata ya fara buɗe baki. Shi ya rubuta takarda a kan abin da bai kai ya kawo ba, shi ya bari aka karɓe yaro daga bayanta. Wasu mazan suna ganin sabon sadaki da akwati ɗaya sun wanke komai. Matar ta dawo, tana dafa tuwo tana shara, amma maganar tana nan kwance kamar garwashi cikin toka, ranar da aka yi saɓani sai ta tashi.

Ta biyu ita ce ta yaro. An kira shi an ce, "Ga mahaifiyarka ta dawo." Ya durƙusa ya gaishe ta kamar baƙuwa. In ɗan fari ne, abin ya ƙara cakuɗewa, domin al'ada ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta jawo shi jiki a gaban mutane. Ita tana kunya, shi yana fassara shi da ƙiyayya. In ya yi sa'ar mariƙiya, to da sauƙi. In kuwa riƙon sakainar kashi aka yi masa, ya tashi da talla da wanke-wanke yayin da 'ya'yan gida ke makaranta, tambayar da ke ransa ɗaya ce: me ya sa ni? Ba a saba babba ya nemi gafarar yaro ba. Amma dattawan da suka ga jiya suka ga yau sun san in ba a zaunar da shi an faɗa masa yadda aka yi ba, zai girma da tabon, ya kai shi gidan aurensa.

Ta uku ita ce wadda kowa ke mantawa: mariƙiya. Ba sunanta yaron ke amsawa ba. In ba ta wata dangantakar ba, riƙon bai ba ta gadonsa ba. Abin da ta mallaka kawai shi ne shekarun da ta zuba. A fim, hanya biyu ake bi a kawar da ita: ko a mai da ita muguwa mai gallaza wa yaro don 'yan kallo su ji daɗin ƙwace shi, ko a kashe ta da ciwon zuciya kafin fitowar ƙarshe. A zahiri kuwa tana nan da ranta, kuma ita za ta koma ɗakin da babu motsin kowa.

Al'ada ba ta bar ta haka nan ba, in an bi ta yadda ya kamata. Sau da yawa manya kan yanke cewa yaro ya ci gaba da zama inda yake, ya riƙa zuwa wajen iyayensa da hutu da salla. Ranar aurensa, mariƙiya ce uwar biki, ɗakinta ake kai gaisuwa. In ya samu 'ya mace, a yi mata takwara, wani lokaci ma a ba ta ita bayan yaye. Da haka riƙo ke zama zumunci mai ɗorewa maimakon filin daga.

ƘALUBALE GA 'YAN FIM

Wannan batu ya ƙara nauyi a shekarun baya-bayan nan. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomi irin su Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗaruruwan 'yan makaranta a Disambar 2020, sun tarwatsa ƙauyuka, sun bar mata da takaba, sun tura yara gidajen dangi a Funtuwa da Malumfashi da sauran garuruwa. Akwai matan da aka sace aka sako, suka dawo suka tarar an raba 'ya'yansu, wasu ma mazajen na ɗari-ɗari da su a kan abin da ba su da hannu a ciki. Waɗannan gidajen duk za su bukaci irin yafiyar da ake magana.

Kuma ba a rasa masu alƙalami a yankin ba. Daga Funtuwa Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, ta fito da Allura Cikin Ruwa a 1994, ta biyo da irin su Wa Ya San Gobe? da Ki Yarda Da Ni, wanda aka mayar fim ya kuma karɓu. Abin da ya sa mata suka rungumi littattafanta shi ne sun ga tsakar gidansu a ciki. Yanzu da finafinai masu dogon zango suka samu gindin zama a YouTube da tashoshin talabijin, furodusa ba shi da uzurin cewa kaset ya cika. Akwai filin da za a bi labari har washegarin kome, har shekara guda bayansa.

Ga irin fitowar da ba a cika gani ba. Bayan mijin ya dawo daga Funtuwa jiki a sanyaye, matar ta ce ya bar mata. Ranar Juma'a ta shirya, ta ɗauki turmin atamfa da ƙwaryar daddawa, ta shiga mota. Ta yi sallama, ta samu gefen tabarma ta durƙusa.

"Yaya, ina wuni."

"Lafiya. An zo ɗaukarsa ke nan?"

"A'a, Yaya. Ban zo karɓa ba, godiya na zo yi. Abin da kika yi mini, uwata ce kaɗai za ta iya. In na ce zan raba ki da shi, Allah ma sai Ya tambaye ni. Ki dai yafe mana, ni da ƙanenki."

Dattijuwar ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta goge ido da bakin zane, ta leƙa tsakar gida ta ƙwala wa yaron kira.

"Zo ka gaida innarka. In an yi hutu kai za ka raka ta gida, ka ga gonar ubanka."

Babu zobe a wannan fitowar, babu fiyano. Tabarma ce da mata biyu da yaro a bakin ƙofa yana wasa da gefen rigarsa. Daraktan da ya iya ɗaukar ta yadda take, ba zai bukaci ya aro hawaye daga Bombay ba.